Na Ci Naman Farautar Siasi, Yayana Ya Ce Mushe Ne

Assalamu alaikum Anti Saude,

Ki yi mini afuwa da na ɗora miki wannan doguwar takarda, na san akwai waɗanda damuwarsu ta fi tawa nauyi suna jiran ki. Sau uku ina rubutawa ina gogewa, ina cewa mace mai shekara hamsin da biyu ba ta kai maganar abin da ta ci jarida. Amma a nan ba ni da wanda zan faɗa wa da Hausa, kuma da Hausa kaɗai nake iya faɗin gaskiya duka. Don Allah ki taimake ni.

Ni ungozoma ce, 'yar Yawuri. Shekarata goma sha bakwai ina aiki a wani ƙaramin garin mutanen Inuit da ke bakin teku, can ƙarshen arewacin Kanada. Maigidana ya rasu, 'ya'yana biyu suna karatu a kudu. Abincin gado a nan shi ne natsik, wata dabbar teku. Idan kin taɓa ganin ayu a kogin Kwara, to kusan siffarsu ɗaya, sai dai wannan bai kai shi girma ba, yana da gashi, kuma yana hawowa kan ƙanƙara ya sha rana. Tun da na zo ban taɓa kai shi bakina ba. Harbinsa ake yi, ba yanka ba, namansa kuma baƙi ne wuluk saboda jini, ni kuwa tun a makarantar allo aka koya mana barin abin da zuciya ke kokwanto a kansa. Sai dai ban taɓa faɗa musu haka ba. Na ji nauyin in ce wa mutanen da suka karɓe ni hannu biyu ina shakkar abincinsu, sai na ce cikina ne ba ya karɓa. Ƙarya ce, Anti. Shekara goma sha bakwai ina maimaita ta, ina komawa gida ina istigfari.

A shekarata ta farko na karɓi haihuwar wata yarinya, Siasi. Kakarta, tsohuwa Akinisi, ta miƙo mini 'yar riga ta ce tunda ni na yanke cibiya, ni zan sa mata tufar farko, in kuma raɗa mata a kunne abin da nake so ta zama. Na ɗauka karamci ne kawai. Na sunkuya na ce da Hausa, Allah ya raya ki, ya sa ki zama mai ciyar da mutane. Daga baya na gane ashe na zama sanajinta, wato wadda ta yi ta, kuma duk abin da hannunta ya fara samu a duniya ni za a kawo wa. Kifinta na farko ni na ci. Safar hannun da ta fara ɗinkawa tana nan a akwatina, duka biyun na hannun hagu ne.

Shekara biyu da suka wuce ƙanƙara ta fashe da mahaifinta a kan teku, ba a ga gawarsa ba. Siasi ta daina magana, ta daina zuwa makaranta, ta rufe kanta a ɗaki. A garin nan mun san inda irin wannan shirun yake kai yara. Na raka gawar wasu da ni na karɓi haihuwarsu. A bana ne kawunta Tivi ya fara jan ta zuwa farauta, ko Allah zai sa.

Ranar Alhamis da ta wuce, da hantsi, Akinisi ta kira ni a waya ta ce, "Ajiye allurar nan taki ki zo, 'yarki ta kawo miki baƙo."

Na tarar an shimfiɗa kwali a tsakar kicin, tsofaffin mata sun zauna a ƙasa sun miƙe ƙafafu, ga natsik a kwance, ƙanƙarar da ke gashin bakinsa tana narkewa tana ɗiga. Tivi sai cika baki yake yi, wai awa huɗu yarinyar ta yi a tsaye a bakin ramin ƙanƙarar da dabbar ke leƙowa ta yi numfashi, kafin ta samu natsik ɗinta na farko. "Ni da kaina na gaji na koma shan shayi," in ji shi, "ita ko tari ba ta yi ba. Ubanta sak." Kafin a taɓa wuƙa, Akinisi ta ba Siasi kofin ruwan sha. Yarinyar ta durƙusa, ta buɗe bakin dabbar a hankali, ta zuba mata. Tsohuwar ta ce natsik duk rayuwarsa a ruwan gishiri ya yi ta, da ƙishi ya zo, kuma ba a barin baƙo da ƙishi. Na sha jin ana yin haka, ban taɓa tsayawa na gani ba, kullum ina da uzurin fita. Sai na tuna mahaifina ranar Layya, yana ba rago ruwa, yana ɓoye wuƙa a bayansa.

Sannan Siasi ta ɗago ta dube ni cikin ido ta ce, "Sanajina, naki ne. Duka." Rabon da in ji ta haɗa magana haka har na manta. Aka ba ni wuƙarsu ta mata, mai siffar rabin wata, don in yi tsagar farko. Hannuna ya hau rawa, wata tsohuwa ta ce, "Ji ta fa, mai yanke cibiya kamar zare, yau ita ce da karkarwa!" Akinisi ta tambaye ni wai me na raɗa wa yarinyar ran da aka haife ta, don ba su ji yaren ba, kuma ba su taɓa tambaya ba. Na faɗa mata. Ta ce, "To ga shi ya iso. Shekara goma sha shida maganarki ta yi a hanya." Da hannuna na raba naman gida gida, har babu dattijon da bai samu ba.

Su suka ci hanta ɗanya, ni ban taɓa ba. Aka dafa haƙarƙari da albasa da gishiri, ba wani abu. Siasi da kanta ta kawo mini kwano da hannu biyu, ta tsaya a kaina. Kakarta ta fara cewa a ƙyale ni, ai cikina ba ya karɓa, sai na ga fuskar yarinyar ta fara komawa yadda take a shekara biyun nan. Na yi bisimilla na ci.

Anti, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Laushinsa kamar hanta, ƙamshinsa na teku, romon yana da kauri da maiƙo. Amma ba ɗanɗanon ba ne. Ban gama kwanon ba na ji wani ɗumi ya taso daga ƙirjina ya bi kunnuwana ya sauka har yatsun ƙafa. Shekara goma sha bakwai ƙafafuna ba su taɓa yin ɗumi ba a garin nan, ko da safa uku. Na cire rigar sanyi ina gumi, hawaye na zuba. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ajiye wuta a cikin dabbar da ke kwana ƙarƙashin ƙanƙara, ya kuma ajiye ta daidai inda bayinsa suka fi bukatarta. Akinisi ta leƙa kwanona ta ce, "Au, ashe cikin ya warke? Kina ta rawar ɗari a garinmu kamar jiƙaƙƙen tsuntsu, ga magani a tukunya!" Aka kwashe da dariya. Siasi ma ta yi dariya, har da riƙe ciki.

Washegari na kira Yaya Haladu, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, na ba shi labari cikin murna. Sai ya ce abin da aka harbe ba a yanka ba mushe ne, kuma na zauna ana ba gawar dabba ruwa kamar a gidan tsafi. Ya ce in tuba, in zubar da ragowar. Ba mugunta ba ce, tsoro yake ji mini, kuma ban taɓa tsallake maganarsa ba.

Abin da ya fi firgita ni shi ne na nemi nadama a zuciyata na rasa. Ko a kan sallaya na tuna kofin ruwan nan sai in ji zuciyata ta yi laushi, irin laushin da take yi idan ana karatu. Ina tsoron ko Shaiɗan ne ya ƙawata mini.

Ga inda nake yanzu. Kasona na haƙarƙari yana cikin firji. Siasi ta ce ranar Asabar ta sama za su zo ita da kakarta, in dafa musu irin dahuwarmu, da daddawa da "jan yajin nan naki mai sa mutum kuka". Sau biyu tana biyowa asibiti ta tambaye ni ko ina da isasshiyar albasa. Ranar Litinin ta koma makaranta. Idan na dafa na ci, na saɓa wa Yaya, wataƙila na saɓa wa Allah, wannan karon da gangan. Idan na mayar mata, na ce mata ke nan abin da ta kawo ƙazanta ne, kuma ina tsoron ƙofar ɗakin nan ta sake rufewa. Zubarwa a ɓoye ba ta yiwuwa a garin da kowa ya san sharar kowa. Maganar ciki kuma ta ƙare.

Don Allah ki amsa mini da wuri, kafin Asabar.

Ungozoma daga bakin ƙanƙara

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa,

Ba ki dame ni ba. Na tura miki wannan amsa tun kafin ta fito a jarida, don kada Asabar ta riske ki cikin ruɗu.

Ni ba malama ba ce, saboda haka na kai maganarki gaban malamin da nake tambaya. Ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda ni da ke da yayanki muka tashi a kanta, dabbar teku halal ce ba tare da yanka ba, ko da tana daɗewa a tudu, kuma ba a duba wanda ya kamo ta. Jinin da ya kwarara shi ake wankewa, wanda ya rage a cikin tsoka an yi rangwame a kansa. Ya kuma ce yayanki ba daga iska ya ɗauko maganarsa ba, don akwai malaman da kifi kaɗai suka halatta daga teku, akwai kuma waɗanda suka ce dabbar da ke rayuwa a ruwa da tudu sai an yanka. Saɓani ne tsoho tsakanin manya, kuma wanda ya bi ɗaya daga cikinsu ba a ce masa ya ci mushe. Ki kira Yaya Haladu cikin ladabi, kada ki ce masa ya yi kuskure. Ki roƙe shi ya kai tambayar wurin malaminsa, ya faɗa masa dabbar teku ce. Ki kuma ba shi labarin yarinyar tun daga mahaifinta, don na lura labarin nama kika ba shi. Idan bayan haka ya ce shi ba zai ci ba, hakkinsa ne, ba kuma a gabansa aka ajiye kwanon ba.

Maganar ruwa kuwa, ba ke kika zuba ba, ba kuma wanda ya ce ki yi imani dabbar ta sha. Abin da idonki ya gani shi ne mutanen da ba sa ɗaukar rai da wasa. Da zuciyarki ta motsa, sunan wa kika kira? Kin rubuta shi da hannunki. Ban san Shaiɗan da tura mutum tasbihi ba.

Inda zan ja kunnenki shi ne maganar ciki. Kin yi shekara goma sha bakwai kina gudun abin da malamai suka yi saɓani a kansa, ta hanyar abin da ba su yi saɓani a kansa ba, wato ƙarya. Na san kunya ce ta sa, amma ya isa. Kuma ki sani Akinisi ta daɗe da ganewa. Tsohuwar da ta leƙa kwanonki ta yi miki wannan tsiyar ba yau ta sani ba, rufa miki asiri take yi. Ki je wurinta kafin Asabar, ku biyu kawai, ki ce mata tsoron saɓa wa addininki ne ya hana ki, kin kuma ji nauyin faɗa. Ki gaya mata abin da za ki ci da wanda ba za ki ci ba, kamar ɗanyar hanta. Mace mai kiyaye hakkin dabba haka ba za ta raina mai kiyaye hakkin Ubangijinta ba.

Abu na ƙarshe, kada ki ɗora ran Siasi kacokan a kan tukunyarki. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin san dariya ɗaya ba ta nufin an warke. Ki sa ido, ki haɗa ta da masu kula da irin wannan damuwa a asibitinku, ki ƙarfafa wa kawunta ya ci gaba da fita da ita.

Ranar Asabar ki wanke naman sosai, ki yi bisimilla, ki dafa. Ki ba yarinyar albasa ta yanka, ki zauna a ƙasa ki ci tare da su har ki ƙoshi. Yajin dai ki sassauta saboda tsohuwa.

Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya miki Siasi, ya sanyaya zuciyar yayanki, ya ba ki natsuwa.

Anti Saude