Mangwaron Marigayiya

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu ma da sauƙi, sai gwiwar nan da ta ƙi ni. Babbar 'yata ce ke rubutawa, tun da ka san ni da biro ba mu taɓa shiri ba, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Shekara shida ke nan ban neme ka ba, kai ma ba ka neme ni ba, to yau na nema.

Lambu ya ƙone, Auta. Ranar Talata da azahar wuta ta gangaro daga bayan dutse, kafin mu cika bokiti biyu ta gama da mangwaro arba'in da ɗaya da marigayiya matata ta dasa, ta yi wa kowanne aure da reshen mai zaƙi da hannunta. Wasu sun ce guntun taba ne, wasu sun ce masu farautar gafiya. Ni ban damu da wanda ya ƙyasta ba. Tun muna yara ake ƙyasta wuta a dajin nan, ba ta taɓa hawa kan itace haka ba. A da, da damina ta ɗauke muke bin ciyawa da wuta tun tana ɗanya, kaɗan-kaɗan, ta ci ta mutu da kanta. Sai ma'aikacin gandun daji ya zo da takarda ya ce an hana. Na ce masa ciyawar da ba a ƙona ba taruwa take yi tana jira. Kai kuma, a gaban mutane, ka ce in yi shiru, wai mai ilimi na magana. Ban manta ba. Shekara shida ciyawa na kwanciya kan ciyawa, shanun da ke cin ta an sayar, samarin da ke yankan ta sun bi ku birni, ruwan sama ya rage kwana, zafi kuwa ko ƙarfe aka bari a rana sai ya gagara taɓawa. Wannan ce gobara ta uku cikin shekara huɗu, kowacce ta fi ta baya.

Ma'aikacin ya zo jaje, ya ce yanzu su ma sun gane, za a dawo da ƙunar wuri irin wadda muke yi a da. Ban ba shi wurin zama ba.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, 'yata ma yanzu take ji, ga ta nan ta ajiye biro tana kallona. Ka san duk shekara nakan share gefen lambu, faɗin taku goma, don wuta ta rasa abin takawa. Bara da bana ban share ba. Ba gwiwa ba ce. Fushi ne. Na ce bari takardarsu ta tare wutar mu gani. Lambun maƙwabcina da ya share, ganye kawai ya yanƙwane. Nawa ya zama gawayi. Da matata tana raye da ta ɗauki fartanya ta fita, ta bar ni da fushina a ɗaki.

Kututture uku sun fara tsiro, amma daga ƙasan auren suka fito, 'ya'yansu tsami za su yi, ba nata ba ne. Irin nata ya ƙare a nan. Saura ɗaya a duniya, wanda ta ba ka a cikin gwangwani ranar da za ka tafi, tana tsokanarka wai ƙanin miji ba ya iya rayar da ko albasa. An ce mini ya fi rufin gidanka tsawo.

Ina son rassansa shida, masu kaurin ɗan yatsa, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, in yi wa kututturen nan aure da su. Kada ka ba direba, a rana zai ajiye su, kuma ba sa wuce kwana biyu. Sai dai mutum ya riƙo su a cinyarsa. Ban ce ka zo ba. Na dai faɗa maka yadda rassa suke.

Ka gaida matarka da takwarana da sauran yara. 'Yata na gaishe ka, ta ce in gaya maka ta share ɗakinka. Ban sa ta ba, ban kuma hana ta ba.

Ni ne yayanka.