Injin Babanku Ya Daina Tari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina. Allah ya ƙara muku rufin asiri, ya sa albarka a aikinka, amin. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Gwiwata ta yi sauƙi tun da na fara shafa maganin da ka aiko. Gwaggonku tana nan yadda ka san ta, ƙafa ta gaji amma baki bai gaji ba. Yayarka ta zo da yara sun kwana biyu, sun bar mini gidan kamar an ci kasuwa an watse.

Dalilin rubutun nan maganar injin niƙa ce. A waya ba ka barina in kai aya, da na fara sai ka ce in huta, shi ya sa na ɗauki biro, tunda takarda ba a katse ta. Ka tuna alkawarin da ka karɓa daga bakina, cewa in injin ya ƙara tsayawa bai gyaru ba, a sayar da shi, in rufe gida in koma wurinka. Na amsa maka, amma Allah ya sani bakina ne kawai ya amsa. To, kwanakin baya ya tsaya. Ana cikin niƙa ya fara tari yana fitar da farin hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu, sai ya yi shiru. Mata suka kwashi robobin hatsinsu ɗaya bayan ɗaya, kowace tana yi mini sannu kamar an yi mini rasuwa. Ba zan ɓoye maka ba, na zauna a kan benci na yi kuka.

Gwaggonku ce ta aika aka kira Dogo, bakaniken da ke gyaran manyan motoci a bakin tasha. Na ce masa a gabana zai buɗe, kuma duk abin da ya taɓa sai ya gaya mini sunansa da aikinsa. Ya yi dariya ya ce bai taɓa samun ɗaliba mai furfura ba. Ya bi hanyar mai da yatsa yana nuna mini: daga tanki ya gangaro ta tiyo ya shiga filta, wato matatar da ke tare datti, sannan ya wuce famfo. Famfo ya matsa shi da ƙarfi ya tura ta wani siririn bututun ƙarfe zuwa nozul, ita kuma ta fesa shi cikin injin kamar feshin turare. Ya ce injin dizal ba shi da filogi irin na mai fetur. Iskar da fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin, ya matse ce take ɗaukar zafi, da mai ya sauka a kanta sai ya kama da wuta. Ramukan nozul kuwa ba su kai ƙofar allura ba, shi ya sa ɗan datti ko ruwa kaɗan ya isa ya kwantar da ƙaton injin.

Da ya kwance ƙoƙon filta ya juye a kwalba, sai ga ruwa kwance a ƙasa da wata jar laka ta tsatsa, mai yana bisa. Na rantse masa ban taɓa kusantar tankin mai da ruwa ba. Ya tambaye ni yaushe nake zuba mai. Na ce da safe, daidai wanda zai ishe ni wuni, kuma ina kife jarka sai ta tsiyaye tas, don ni ba na son ɓarna. Ya ce to ga ciwon nan. Tankin da ya kwana ba a cike ba gumi yake yi ta ciki idan gari ya yi sanyi, kamar murfin tukunya, gumin ya taru ya zama ruwa. Ƙasan jarka kuma nan ne duk datti ke kwanciya.

Auta, a nan na gane laifina ne. Ka tuna yadda marigayi Babanku yake cika tankin nan har baki kowace yamma bayan an tashi, kuma ba ya juye guntun ƙasan jarka, sai ya tara a gwangwani yana wanke sifana da shi. Shekara da shekaru ina yi masa tsiya, ina cewa injin da zai kwana yana barci me zai yi da cikakken ciki. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da abinsa. Ka san shi, magana tsada take yi masa. Da ya rasu na ce bari in gyara ɓarnarsa, ashe ruwa nake ba injin. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, amma har yanzu ina jin haushin rashin bayaninsa.

Dogo ya wanke tanki, ya sa sabuwar filta, ya tsabtace nozul, ya gargaɗe ni kada in taɓa sa hannu gaban feshinta, wai yana huda fata. Da aka zo fitar da iskar da ta shiga hanyar mai, sai ya miƙo mini sifana. Na sassauta ɗan notin da ke kan filta, mai ya fito da kumfa, na jira har ya zo zalla sannan na ɗaure, na yi haka a famfo ma. Maƙwabcinmu tela, wanda ke juya mini hannun tayarwa kullum da safe, ya juya, injin ya amsa da muryarsa ta da. Gwaggonku ta rangaɗa guɗa har masu wucewa suka leƙo suna tambayar wa ta haihu.

Yanzu da yamma nake cika tanki. Ina barin mai ya kwanta a jarka kafin in zuba, ƙarshen mako kuma in kwance notin ƙasan filta in zubar da abin da ya taru. Shekaranjiya bakin tiyo ya saki, injin ya sha iska ya mutu a tsakar rana. Ban aika a kira kowa ba. Na ɗaure tiyon, na fitar da iskar da hannuna, matan da ke layi ko tashi ba su yi ba.

Saboda haka ban saɓa alkawari ba, injin ya gyaru. Na san tausayina kake ji, Allah ya yi maka albarka, amma ina jin daɗina a nan, cikin ƙurar gari da hirar mata. Ɗakin da ka gyara mini, ka ba yara su more. Zan zo in gan ku in dawo da ƙafata. Ranar da hannuna ya kasa kwance notin nan, ni da kaina zan kira ka, kuma ba zan yi maka gardama ba.

Ka gaida maiɗakinka da kyau, ka gaida babban jikana da takwarata, ka ce tana bina ziyara. Ka isar da gaisuwata ga Kawunku idan kun haɗu. Gwaggonku da Yayarka da tela duk suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce,
Mahaifiyarka