Baba da Aikin da Ba a Buɗe Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da 'yan biyu, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan kowa lau. Umma na nan da faɗanta, Gwaggo ta warke daga tarin da ya dame ta, ni kuma ina ta fama da ɗalibaina.

Na san hankalinka yana kan Baba, to ka kwantar da shi, an yi aikin kuma an dace. A waya ban faɗa maka iyakar abin ba. Ciwon bayan nasa bai tsaya nan ba, ya sauka ƙafar hagu, har ranar da ya shiga gwada motar wani a gareji ƙafar ta kasa taka kuloci. Da aka ɗauki hoto, likita ta nuna mana guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya ɓullo ya danne jijiya. Ta ce in aka yi ta jinkiri, ƙarfin ƙafar zai iya tafiya ke nan. Ta ce ba sai an tsaga bayan ba, za a yi 'yar huda a zura siririn bututu mai kyamara da fitila, tana kallo a allo ta cire abin da ya danne jijiyar.

Mu muna murna, sai Baba ya ce sam. Ka san halinsa, duk bakaniken da ya gyara mota bai sauke inji ba, maha'inci ne a wurinsa. Ya ce shi ba za a yi masa aikin leƙe ta kafar makulli ba, a buɗe shi sosai a ga komai da ido. Yaya, ka taɓa jin marar lafiyar da ke roƙon a ƙara masa yanka? Na yi lallashi, na yi fushi, ya ƙi sa hannu, ƙafar kuma kullum ƙara mutuwa take. Gaskiya na ji tsoro ƙwarai.

Umma ce ta yi maganinsa. Tana ninke kaya, ko kallonsa ba ta yi ba, ta tambaye shi wa ya shekara yana gaya wa mutane cewa injin da aka buɗe ba ya taɓa komawa ɗaurin kamfani. Ta ce to shi ma ɗaurin kamfani ne, kuma nasa kamfanin ba ya sayar da kayan canji. Nan Baba ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: yadda yake miƙa wa mai mota tsohon ƙarfen da ya cire, haka shi ma sai an nuna masa abin da aka fitar. Likitar ta yi dariya ta ce ta amince.

Da aka fito da shi, filasta ɗaya ce a bayansa, hudar ba ta kai faɗin farce ba. Likita ta cika alkawari, ta kawo abin a 'yar kwalba, fari-fari, bai fi ƙwayar wake ba. Ya juya kwalbar ya sake juyawa, ya ce lallai ƙaramin noti ke tsayar da babbar mota. Kafin yamma an tashe shi ya taka, washegari muka dawo gida. Zafin da ke sauka ƙafar ya ɗauke, amma an ce ƙarfin sai a hankali, tunda jijiya ba ta son gaggawa. An hana shi sunkuyo da ɗaukar nauyi da tuƙi na wani lokaci. Don Allah ka kira shi ka ja masa kunne, domin maganarka yake ji, kuma na kama shi yana hararar akwatin kayan aikinsa.

Jiya da hantsi yana kwance a falo, ya ce Umma ta tara tafin hannunta a ƙarƙashin ƙafar, ya taka kamar kuloci. Sun sha gwadawa, ƙafar ba ta ko motsa hannun. Wannan karon ya danna, sai da hannun ya bugi hannun kujera. Umma ta yi ƙara ta ce zai karya mata yatsu, sannan ta riƙe ƙafar da hannu biyu ta fashe da kuka. Baba ya juya fuska wajen bango, ya ce ta sake tarawa.

Ka gaida Anti, ka shafa mini kan 'yan biyu. Umma da Gwaggo da Kawu suna gaishe ku, Baba kuma yana sa muku albarka.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta