Bikon Turanci

Litinin, 3 ga Maris
Wata huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ni. Hannu ya dawo, ga shi ina rubutu. Hausa ko gezau. Turanci ne ya yi yaji, bayan shekara ashirin da biyu ina tafinta a kotu. To, zan je biko. Magatakarda ya ce ran 27 zai gwada ni. In na ci, wurina na nan. In na faɗi, ya zama na Dogo, wanda ke riƙe da shi tun da na kwanta. Dogo fa! Mutumin da ke fassara kamar mai tauna tsakuwa.

Alhamis, 6 ga Maris
Likitar magana ta ce in riƙa kiran kalmomi dangi-dangi. Na fara da dangin da na fi sani, na abin da ya ɓata aka samo, don rabin shari'unmu ke nan. Bature bai haɗa su ba. Kayan sata da 'yan sanda suka ƙwato, kalmarsu daban. Abin da aka tsamo daga gobara, daban. Wanda aka gyara ya koma yadda yake, daban. Da, shida nake juyawa a baki. Yau ɗaya ta amsa, recover. Da babu gara ba daɗi.

Asabar, 15 ga Maris
Huɗu sun dawo cikin shidan. 'Yata ce ke riƙe takarda tana tambayata. Na maƙale a ta gobara, ta buɗe baki za ta faɗa, na ce kul.
"Baba, minti uku fa."
"Ko shekara ce, bar ni da ita."
Sai da na je wanke hannu ta faɗo: salvage! Na yi ihu har uwar yara ta fito da ludayi tana salati, ta zaci faɗuwa na sake yi.

Laraba, 19 ga Maris
Shida cif. Gara Dogo ya fara tattara komatsansa.

Alhamis, 27 ga Maris
Na ci. Magatakarda ya ɗauko tsohuwar shari'ar wani mai gyaran babur, ya zauna a matsayin wanda ake tuhuma, yana faɗi ina juyawa. Da muka gama ya miƙo hannu, ya ce, "Barka da dawowa, Malam. Sai Litinin."
Wuri ɗaya ne kawai na maƙale. Ya ce, "A shagona aka samo shi, amma gyara aka kawo." Na buɗe baki, wayam. Numfashi biyar na ƙirga kafin kalmar ta zo. Shi bai lura ba, yana goge tabarau. Ni na lura. Na san yadda wanda ake tuhuma ke zuba wa bakin tafinta ido. Na kuma san in aka yi shiru, ba tafinta alƙali ke zargi ba, mai maganar yake ɗauka yana shirya ƙarya. Tsoro ya kama ni, ban gaya wa kowa ba.

Litinin, 31 ga Maris
Na koma aiki. Na roƙi magatakarda teburin fassarar takardu da ke ɗakin baya. Saboda ƙafa, na ce masa, doguwar tsayuwa ba ta yi mini. Ya dube ni, ya ce to.
Ta bango ina jin Dogo yana yi. Har aka tashi, sau biyu kacal na yi tsaki.