Ƙwaryar Bororo Mai Ɗinki Goma Sha Tara

Yamai, ranar Talata

Zuwa ga mahaifina, Baba Gado,

Assalamu alaikum. Daga nan inda nake ina durƙusawa ina gaishe ka. Yaya ƙarfin jiki, yaya gwiwar nan da ke damunka in hadari ya haɗu? Yaya damina a Dogon Dutsi? An ce gero ya kai ƙugu, Allah ya kai mu kaka lafiya. Ina gaida ƙanena Alu, don na san shi zai karanta maka wannan takarda. Alu, ka karanta duka, kada ka tsallake ko layi guda, na san halinka.

Baba, za ka ce me ya hana ni kira a waya. Sau nawa na kira? Da ka ji muryata sai ka ce lafiya lau, ka miƙa wa Alu. Shi ya sa na ɗauki bik na rubuta takarda, zan ba direban motar Dutsi ya kawo.

Ba ka taɓa shiga wurin aikina ba, iyakarka bakin ƙofa, kuma ni na jawo. Bari in shigo da kai yau. Gidan tarihi ne, mutanen nan suna ce masa mize. Aikina in share, in goge akwatunan gilashi, in tsaya in ga kada wani ya kai hannu. A ɗakin da nake akwai azurfar Buzayen Agadas da sirdin raƙumi mai jan fata, akwai bargon aure na Zabarmawa da tsawonsa ya cinye bango guda, da wuƙaƙen damtse na Tubawa, da tulunan Mirya. Akwai wasu ƙananan kawuna na yumɓu da aka tono a ƙasa, ba wanda ya san sunan masu su, idanunsu a lumshe kamar mai jin daɗin goge. Har da wata tasa shuɗiya da aka ce daga ƙasar Sin ta zo, an zana mata kifaye biyu.

Da azahar ana rufe ƙofa, baƙi su watse, ma'aikata su tafi neman abinci. Ni kuwa sai in zauna kan benci ni kaɗai. Rana tana shigowa ta tagar sama, ta fara sauka kan azurfa, ta gangara kan bargo a hankali, kafin la'asar ta kai ga tuluna. Wallahi Baba, in na daɗe ina kallo sai in ga kifayen nan suna motsi. Sai in ji kamar kasuwa ce ta ci, amma ba ciniki, kowa ya kawo abin da uwarsa ta bar masa ya ajiye ya tafi. Wani lokaci har ƙanshin turaren amarya nakan ji daga bargon, ga shi kuwa ya fi ni shekaru.

To ga dalilin takardata. Makon jiya aka fito da ƙoren Bororo goma sha biyu daga ma'ajiya, aka jera su a akwatin tsakiya. Farare ne tas, an sassaƙa musu zane har baki. Ina goge gilashin sai idona ya faɗa kan ta bakwai. Ta taɓa tsagewa daga baki zuwa ciki, an ɗinke ta da zaren saiwar kaba. Na ƙirga, ɗinki goma sha tara. A ƙarshe an yi ƙulli uku, an tura jelar zaren ciki. Baba, wa ke rufe ɗinki da ƙulli uku in ba kai ba? Tsumma ya faɗi daga hannuna. Na ji muryarka a cikin ɗakin nan, kana jan "Gyartai!" yadda kake ja in ka karyo kwanar gidan Hajara mai koko.

A ƙasan ƙwaryar an ajiye 'yar takarda, an rubuta da Faransanci cewa an yi mata gyara, amma ba a san mai gyaran ba. Na karanta, kunya ta rufe ni daga kai har ƙafa.

Shekara biyu ke nan da ka zo Yamai da jakarka ta fata a kafaɗa, ka tambayi hanya har ka iso ƙofar nan don ka ga inda ɗiyarka ke aiki. Na fito tare da Madam Kadi, shugabar ɗakinmu. Ta tambaye ni wane ne, na dubi basillar da ta leƙo daga jakar, na ce wani tsoho ne daga garinmu. Na ɗauka ba ka ji ba. Ka ji. Ka gaishe ta, ka gaishe ni kamar yadda ake gaida ɗiyar mutane, ka koma tasha a ranar, ko ruwa ba ka sha ba. Da wannan basillar ka saya mini kayen rubutu da takalmin zuwa makarantar lakkol. Na yi abin da ba a yi, Baba, kuma tun ranar ban sake jin daɗin raina ba.

Ka yafe mini. Abin da nake roƙo ke nan.

Ɗiyarka,
Balki

Yamai, ranar Lahadi

Zuwa ga Baba,

Sallama da gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi. Ina fatan ka tashi lafiya, ina fatan ruwan da aka yi shekaranjiya bai taɓa katangar bayan gida ba. Alu, ina gaishe ka, ko da yake ban ga amfanin gaisuwar ba.

Yau kwana goma sha biyu da na aiko maka takarda. Direba ya rantse mini hannu da hannu ya ba Alu takardar. Kullum in na tashi aiki sai na bi ta tasha, har masu sayar da ruwa sun san ni, suna ce mini mai jiran saƙo. Ban yi fushi ba, Baba. Wanda ya zubar da nono ba shi ke cewa yaushe za a sake tatsa ba.

Na faɗa wa Madam Kadi. Na same ta a buro, wato ofishinta, na tsaya kamar icce, na ce mata tsohon nan na bakin ƙofa mahaifina ne, mai gyartai ne, kuma shi ya ɗinke ƙwarya ta bakwai. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona. Sai ta ce ai tun ranar ta sani, wai goshinmu ɗaya, wushiryarmu ɗaya, makaho ne kawai ba zai gane ba. Ta ce shekara biyu tana jira ta ga ranar da zan yi hankali. Daga nan ta juya harshe zuwa Zabarmanci ta wanke ni tas. Rabin maganar ban ji ba, amma rabin da na ji ya ishe ni.

Da ta huce sai ta ɗauko makulli, ta buɗe akwatin, ta sa mini ƙwaryar a hannu. Shekara huɗu ina aiki a nan, ban taɓa riƙe ko ɗaya daga cikin kayan ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kai hancina, Baba, har yanzu akwai warin man shanu can ƙasa-ƙasa. Madam ta ce duk ƙoren nan goma sha biyu, gaban wannan baƙi suka fi daɗewa a tsaye. Ta ce in ka tabbatar aikinka ne, za a cire waccan takarda a rubuta sunanka da garinka.

Tun ranar na zama wata iri. Da azahar in na zauna sai in bi ƙwaryar nan a raina. In gan ta a bayan jaki, an ɗaure ta cikin raga, ana tafiya arewa bayan ruwan farko. In ga matar da ke da ita ta sauke ta gindin gawo ta cika ta da nono. In ga ranar da ta faɗi ta tsage, matar ta zauna tana kuka, don ƙwaryar aurenta ce. Jiya ma har na ga kamar kawunan yumɓun nan sun juyo suna saurare, sirdin raƙumi yana ƙara a hankali kamar an hau. Mai gadi ya leƙo ya ce ko aljanu nake hira da su. Na ce masa ya bar ni, baƙi nake da su daga gida.

Ba don suna a takarda nake matsa maka ba, na san ba ka damu da wannan ba. So nake ka yi mini magana, ko zagi ne. Ka ce wa Alu ya rubuto, ko layi biyu.

Ɗiyarka mai jiran amsa,
Balki

Yamai, ranar Laraba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa gwiwa ta yi sauƙi. Alu, na gode, na janye abin da na faɗa, amma rubutunka sai ka ce kaza ta yi tonon ƙasa.

Takardarku ta zo jiya. A tasha na buɗe ta, a tsaye, na karanta sau uku, sannan na nemi dutse na zauna.

Alu ya ce ka sa ya karanta maka maganar ƙwaryar har sau biyu, ka sa ya buɗe hotonta da na tura a wayarsa, ka kai shi dab da idonka. Ya ce ka yi tsaki, ka ce kada a kuskura a rubuta sunanka, wannan ba aikinka ba ne. Wai ɗinkin ya kwanta hagu, ramukan wani ya yi kusa wani ya yi nisa, kai kuwa ba ka taɓa sakin karkataccen aiki ba sai sau ɗaya. Ranar kasuwa ce, kunama ta harbe ka a hannun dama da safe, hannun ya kumbura. Wata Bororo ta zo da ƙwaryar aurenta, ta ce gobe za su tashi, ta ƙi tafiya. Sai ka zaunar da ɗiyarka bahaguwa mai shekara takwas a gabanka, kana nuna mata inda za ta huda, tana hudawa. Ka ce ka so ka warware ka sake in hannu ya saɓe, amma yarinyar ta ɗago kai tana kallon fuskarka, sai ka ce mata ya yi kyau.

Baba, na manta. Wallahi tallahi na manta, sai da na karanta sannan abin ya dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Inuwar rumfar mai gishiri. Matar doguwa ce, da zane a kumatu da manyan 'yan kunne har kafaɗa. Zaren yana yanka mini yatsa, kana ce mini in jiƙa shi da yawu. Da na gama ta zuba ruwa a ciki ta ɗaga sama, muka zuba ido mu uku, ko ɗigo bai zubo ba. Ta ba ni nono a ludayi, na sha har ya zubo mini a riga.

Yau da azahar na tsaya gaban akwatin na daɗe. Kwana ashirin ina kallon ɗinkin nan ina cewa na ga hannun mahaifina, ashe hannuna nake kallo. Na yi dariya ni kaɗai, daga baya na yi kuka mai isata, har gilashin da na goge da safe ya sake neman tsumma. Sana'ar da na yi wa kunya, ashe ni ma da ita aka san ni a gidan nan, ni ce ban sani ba.

Na kai wa Madam Kadi takardar Alu. Ta karanta, ta riƙe baki, ta miƙo mini farar takarda ta ce in rubuta yadda nake so a sa. Na rubuta: Balki, ɗiyar Gado mai gyartai, Dogon Dutsi. Ka ce kada a sa sunanka a matsayin mai aikin, ban sa ba. A matsayin uba na sa, wannan kuwa ba ka da ikon hana ni.

Na lura ba ka ce komai ba game da abin da na roƙa. Na juya takardar gaba da baya, babu. Amma mutumin da ya riƙe ranar nan shekara ashirin da ɗaya, har da hannun da kunama ta harba, ban yarda ya fitar da ni daga ransa ba.

Na karɓi hutun kwana biyar, ina tafe ranar Asabar da motar safe in Allah ya yarda. Da yamman nan na shiga kasuwar Lazare na nemi fasasshiyar ƙwarya. Mai ƙoren ta dube ni kamar na taɓu, ta ba ni wata da ta tsage har gindi, ta ce in tafi da ita Allah ya ba ni lafiya. Na gwada ɗinkin da allurar buhu, na huda yatsana sau biyu, na ƙara mata wata tsagar. Da ita zan zo. In ba ka yi mini magana ba, babu komai, Baba. Zan shimfiɗa tabarma kusa da kai a ƙofar gida, in yi ta ɗinkina a karkace a gaban idonka, har sai haƙurinka ya ƙare ka karɓe ta daga hannuna.

A gaida duk mutanen gida. Alu, ka zo tasha, kayana da nauyi.

Ɗiyarka,
Balki