Matata Ta Sauke Tukunyar Sikawut Ta Kai 'Yan Mata Gulbi

Assalamu alaikum, Gwaggo Nazifa. Don girman Allah ki agaje ni da shawara tun ruwa bai ƙare wa ɗan kada ba. Gidana ya yi tsami, muƙamina yana tangal-tangal, kuma duk a kan tukunyar shinkafa.

Ni malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, kuma ni ne shugaban 'yan Sikawut na shiyyarmu. Tun ina firamare nake ɗaura ƙyallen wuya. Ba yabon kai ba, in na busa usur a filin fareti, har masu Keke Napep rage gudu suke yi. Maiɗakina, wadda zan kira Riskuwa ko da yake ba sunanta ke nan ba, ita ma malama ce, kuma ita ke riƙe da 'yan Gayid, wato ɓangaren 'yan mata. Ni na shigar da ita harkar da hannuna, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ga yadda tsarinmu yake tun fil azal. Duk shekara in an gama yankan shinkafa, mukan kai yara zango na 'yan kwanaki a bakin gulbi kusa da Argungu. Maza su kafa tanti, su koyi ƙullin igiya da hura wuta da iyo, su yi fareti. 'Yan mata kuwa mota ke kawo su da hantsi, su dafa wa zango abinci, su wanke tukwane, su rera waƙar maraba in an yi baƙi, a mai da su gida kafin magariba. Kada ki ce mun tauye su. Akwai bajo, wato lambar yabo, na girki, akwai na ɗinki, akwai na tsabta, 'yata Mansura duk ta jera su a kafaɗa. Haka muka tarar, ba kuma wanda ya taɓa kawo kuka.

To, a daminar bara wani kwalekwale ya kife da masu zuwa gona a wajen Gulma, garin su Riskuwa. Mazan ciki suka yi iyo suka fita. Cikin waɗanda ba su fita ba har da Ummu Hani, ɗaya daga cikin 'yan Gayid ɗinta da ta je hutu wurin kakarta. Allah ya jiƙanta, yarinya mai ladabi, ita ce ma ta zo ta ɗaya a gasar girki. Kwana ne ya ƙare. Amma tun daga lokacin Riskuwa ta sauya. An gaya mata cewa tsakanin inda yarinyar ta nutse da gaɓa bai fi faɗin tsakar gidanmu ba. Sai in dawo daga makaranta in same ta tsaye a bakin ɗaki tana kallon tsakar gidan nan.

Da lokacin zango ya gabato ta ce mini bana za ta koya wa yaranta iyo. Na yi dariya na ce a ina, cikin baho? Ta sake maimaitawa, na ce Allah ya ba da sa'a. Ni na ɗauka irin maganar nan ce ta mata da ke bin iska.

Ranar farko a zango motarsu ta iso, aka sauke tukwane da buhun shinkafa kamar kullum. Sai Riskuwa ta tako a gaban yarana duka, ta miƙo mini muciya da hannu biyu, har da rusunawa. Ta ce, "Malam, ga shinkahwa nan, ga albasa, ga mai. Ɗiyan mutane ba kukunku na ba. Mu mun tahi gulbi." Ashe ta riga ta shirya da wasu matan masunta, sun kewaye wani lungu marar zurfi da zana, nesa da mu. Can 'yan matan suka yini sanye da dogayen riguna da wanduna, rungume da gorunan da masunta ke iyo da su, suna shan ruwa suna ƙyalƙyala dariya.

Na dake na tara yarana na ce musu Sikawut kullum a shirye yake. Gwaggo, yaran da ke iya ƙulli iri-iri da ido rufe, aka rasa wanda ya san ko ruwa ake fara zubawa ko shinkafa. Ni daga nesa na ba da umarni, don shugaba ba ya shiga hayaƙi. Abin da ya fito a tukunya: ƙasa gawayi, tsakiya kunu, sama tsakuwa. Wanda aka sa wanke alayyafo kuma da sabulu ya wanke shi, wai don tsabta. Haka muka ci har zango ya ƙare, domin na rantse ba zan roƙe ta ba.

Ranar rufewa Alhaji Nu'uman, shugaban kwamitin iyaye, ya zo da manyan baƙi. Ana tsakiyar fareti cikin rana, yarana suka fara zubewa. Wasu ma ba su jira izini ba, suka riƙe ciki suka nufi daji da gudu. Kafin in busa usur, 'yan matan nan sun ɗaure zannuwa a jikin sanduna, sun kwashe yaran a kai zuwa inuwa, suna ɗura musu ruwan gishiri da sukari. Daga baya na gano cewa a sa'ar ɗinki take koya musu taimakon gaggawa. Ɗana Zayyanu, mai riƙe da tuta, ƙanwarsa Mansura na cikin waɗanda suka ɗauke shi. Wani marar tsoron Allah ya ɗauki bidiyon abin a waya ya watsa. Yanzu in na shiga kasuwa sai in ji ana yi mini fito a baya, irin na usur.

Alhaji Nu'uman ya kira ni ya ce namijin da bai iya riƙe matarsa ba, ina shi ina riƙe 'ya'yan mutane? Ya ce kafin a koma makaranta, ko ta sauka ko in sauka. Wasu iyaye maza sun janye 'ya'yansu, suna cewa ba wanda ya nemi izininsu kafin a sa su cikin ruwa. Wasu iyaye mata kuwa sai ƙara kawo mata yara suke yi. Zayyanu yanzu ya tare a kicin wurin uwarsa, abokansa na yi masa ba'a, shi ko a jikinsa.

Ita kuwa ba ta fasa gaishe ni ba, ba ta fasa ba ni abinci ba. Amma da na tayar da maganar sai ta ce, "Malam, kai ka iya iyo, Zayyanu ya iya. In jirgi ya kihe da mu, wa za ka hwara ɗauka, ni ko Mansura?" Wannan tambaya ce da mace za ta yi wa mijinta? Har na fara tunanin tura ta gidansu ta ɗan huta. Ki gaya mini yadda zan mai da ita kan tukunya cikin ruwan sanyi.

Tsohon Sikawut, Gesse.

*

Wa alaikumus salam, Malam Tsohon Sikawut.

Sannu da fama, kuma ina fatan cikin yaranka ya lafa. Na karanta wasiƙarka, na yi dariya har na kai wajen Ummu Hani, daga nan dariyar ta ɗauke. Kai kuma da ka kai wajen sai ka ce kwana ne ya ƙare, ka wuce zuwa shinkafa. Gaskiya ne, ba mai wuce ajalinsa. Amma mazan da ke cikin jirgin nan su ma ai suna da ajali, sai dai su an koya musu iyo. Kai da kanka kake koyar da shi duk shekara, ban ji ka taɓa tara yaranka ka ce musu su bar wahala, kowa da ranarsa ba.

Mu koma kan tsarin da ka ce haka kuka tarar. Malam, abin da kake kira ɓangaren 'yan mata, a garinmu sunansa masu abincin biki. Bambancin kawai, su masu abincin biki ba a sallamarsu da bajo. Kun kai yara bakin gulbi a ƙasar da 'yan mata ke shiga jirgi zuwa gona, suke dashen shinkafa da ruwa har gwiwa, sannan kun ce ruwa ba na mace ba ne sai in za ta wanke tukunya. Shahararren ruwan Argungu ma Matan Fada ake ce masa, ban sani ba ko za ku rubuta takarda a sauya masa suna. Shi kuma Sikawut ɗin da kullum a shirye yake, an ga iyakar shirinsa. Yaron da ya iya hura wuta bai san abin da zai ɗora a kanta ba, me ya iya? Ba Riskuwa ce ta kayar da yaranka a fareti ba, tarbiyyarka ce ta kayar da su.

Ban wanke maiɗakinka tas ba. Iyayen da suka fusata suna da gaskiya. Ba a kai 'yar mutum cikin gulbi ba tare da sanin ubanta da uwarta ba, komai kyan niyya. Da ƙafar yarinya guda ta zame, da yanzu wani zancen ake yi. Miƙa maka muciya a gaban almajiranka kuma, ko da an rusuna, yankan ƙauna ne. Ya kamata ta je gida gida ta ba iyayen nan haƙuri, ta kuma ba ka naka. Sai dai ka tuna ta faɗa maka, ta sake faɗa, kai ka aika ta baho.

Ga abin yi. Maganar tura ta gida ka binne ta, kada ma ta ji ƙamshinta. Matar da ta tsaya tana auna tsakar gida saboda 'yar wani, ba irin wadda ake kora ba ce. Ku zauna ku biyu ku fitar da tsari guda: iyo ga 'yan mata a killataccen wuri, mata ke koyarwa, da sutura, da gwanayen ruwa a kusa, ba waya, kuma ba yarinyar da za ta shiga sai da yardar iyayenta. Wanda ya ƙi, a bar masa 'yarsa, ba gaba. Girki da wanke-wanke kuwa kowane ɓangare ya yi nasa, kai ne kuma za ka fara shiga hayaƙin. Tunda Zayyanu ya riga ka zuwa kicin, ka ajiye girman kai ka zauna kusa da shi. Masu yi masa ba'a ka tambaye su wa ke soya musu indomi a bakin titi, wa ke gasa musu tsire.

Game da Alhaji Nu'uman, kada ka tsaya jiran hukuncinsa. Ka nemi a kira taron iyaye, da matan a ciki, ba mazan kaɗai ba. Ka gayyaci malamin unguwarku ya yi bayani a kan horon da magabata suka yi cewa a koya wa 'ya'ya iyo, a tambaye shi a gaban kowa ko an cire 'ya'ya mata. Ka miƙe ka ce tsarin nan naka ne da matarka. In bayan haka sun karɓe muƙamin, su karɓa. Ba a taɓa jin wanda ya mutu don an cire masa ƙyalle a wuya ba.

Tambayar da ta yi maka kuwa, e, tambaya ce da mace za ta yi wa mijinta, kuma ba ka amsa ba don ba ta da amsa mai daɗi. Hanya ɗaya ce ta kauce mata: su biyun su iya fitar da kansu. Ka hanzarta, domin damina ba ta jiran kwamiti ya zauna.

Allah ya jiƙan yarinyar da ta rasu, ya ba iyayenta dangana, ya sanyaya tsakaninka da iyalinka, ya kuma tsare mana 'ya'yanmu a tudu da cikin ruwa.

Gwaggo Nazifa