Ranar da Akawal Ya Sauke Kashi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Ka tuna ka yi ta yi mini dariya don na tafi makarantar koyon aikin gona? Ya Anti Rabi da yara, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Burumburum lafiya lau.

Akawal, dokin nan da ka ce don fariya na saya, ya kusa mutuwa. Maƙwabcina Ilu ne ya are shi hawan angwanci, ashe ƙwayar tiramol ya zuba masa a dusa wai kada ya gaji. Da ya dawo sai zagaye turke yake, ciki ya kumbura, ba kashi. Dattawa suka ce iska ce, a kawo turare. Na ce ni ba da turare na gama makarantar ba.

Na ɗauko likitan dabbobi daga Tudun Wada. Ya saurari cikin, ya ce ƙwayar ce ta ɗaure hanji, ya yi allurar da ke kwance ta. Kafin la'asar doki ya nutsu, ciki ya hau ƙugi, ya sauke kashi tuli guda. Ban taɓa murnar ganin kashi haka ba. Ilu na sa ya kwashe, a gaban dattawan.

A sa mu a addu'a. Ka gaida mutanen gida.

Ƙaninka,
Garba